Zane Goma Sha Huɗu a Bangon Majo

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, muka kwanta buhun siminti yana da farashi ɗaya muka tashi ya kusa ninkawa, a shekarar ne ƙanena ya karye a ƙafa, kuma a shekarar ne gidanmu ya rabu biyu. Mutanen Damagaram da suka san mu suna cewa ha'incinsa ne ya karya shi. A kan haka mahaifinmu ya tsaya har ya koma ga Allah. Ni na san ba haka ba ne, domin ni ne sanadi. Shekara talatin na yi ina ƙin mutumin da na cuta, kuma ban ga amfanin in ƙawata maganar ba yanzu da gemuna ya yi fari.

Baba mutumin Dakusa ne, magini na ƙasa. Da rani yakan shigo birni ya yi wa mutane yaɓe, damina ta faɗi ya koma gona. Wata shekara ya yi lebura a wani ginin gwamnati, ya ga yadda ake kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa a zuba, bayan kwanaki abin ya zama dutse. Beto muke ce masa a nan. Bai sake komawa gona ba. Ya sayi abin buga bulo guda ɗaya, ya roƙi wani kango a bakin hanyar da ta nufi Tirmini, ya fara. Kafin mu yi wayo filin ya cika. Tarin yashi a gabas, tarin tsakuwa a yamma, wadda mata suke fasawa da guduma a gindin duwatsun gari su auna mana, bulo a jere kamar sahun salla. Amma abin da ya fito da sunan Baba shi ne dal, wato rufin siminti. Mai gida ya kafa katako da sandunan tokara, mu kuma mu zo da kaya da mutane mu kwaɓa mu zuba.

Dokokin Baba biyu ne, ban taɓa jin ya ƙara ta uku ba. Ta farko, dal yana shan ruwa kwana bakwai, safe da yamma. A kewaye bakinsa da yashi, a zuba ruwa ya kwanta kamar a fadama. Wanda aka ba shayarwa, duk lokacin da ya zuba sai ya yi zane ɗaya da gawayi a bango, ranar bakwai a ƙirga goma sha huɗu. Ta biyu, ranar da za a cire tokara, bayan mako uku, wanda ya kwaɓa shi ne zai shimfiɗa tabarma a ƙasa ya zauna, ba zai tashi ba sai an zare sandar ƙarshe. Baba ya zauna a ƙarƙashin rufi ya fi a ƙirga, yana jan carbi, masu gida suna leƙe daga nesa. Saboda wannan zaman ake zuwa wurinmu.

Mu uku ne a wurinsa. Yaya, babbarmu, wadda aka aurar a garin Dogo. Sai ni, aka kai ni makarantar allo, na sauke, na rubuta Alƙur'ani da hannuna, kuma har yau da ajami nake rubutu. Sai ƙanena, wanda aka sa lakwal, wato makarantar boko. Ya fito da Faransanci a baki da abin awo a ƙugu, yana gyara wa Baba lissafi a gaban leburori. Ni ina ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, shi yana ce mini Alaramma, kuma babu wanda yake nufin girmamawa a cikinmu. Tun muna yara haka muke. Ban tuna ranar da muka ci tuwo a kwano ɗaya ba a raba mu ba.

Shi ne ya je Kano ya jawo tsohon injin kwaɓa, mai ƙara kamar ana faɗa a cikinsa. Baba bai so ba. Ya ce shebur yana gaya wa hannu ko kwaɓi ya yi, inji kuwa ba ya gaya wa kowa komai. Amma ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya bar masa kwaɓi, ni ya ba ni shayarwa. Ya ce ruwa amana ne, ba wanda yake gani, sai a ba wanda ya san ana ganinsa.

A bazarar shekarar muka sami aikin gidan wani ma'aikacin gidan likita, Kirista ne, kowa Majo yake ce masa. Mutum ne mai sanyi, ya yi shekaru yana tara abin ginin. Ɗaki biyu ne da baranda a gaba, wadda ta miƙo waje ba ginshiƙi a bakinta. Ƙanena ya kwaɓa, aka zuba ranar Talata. Zafin da aka yi a makon nan, ko ƙarfe ka taɓa sai ya ƙone ka. Ruwa kuwa, wanda ya zauna Damagaram ya san labarin. Famfo ya yi kwana tara bai ɗiga ba. Da amalanken shanu ake kawo mana daga wata rijiya mai nisa, tano huɗu, wato ganga huɗu, da safe, huɗu da yamma.

Kwana biyu na shayar yadda ya kamata. Ranar uku da safe ma na zuba. Da yamma amalanke ya iso, ina kwance igiya, sai wata tsohuwa ta tsaya a kaina da tulu a hannu. A bayanta akwai mata wajen goma da suka dawo daga famfo hannu banza.

Ta ce, "Malam, dutse kake shayarwa?"

Na ce, "Aiki ne, Iya."

Ta ce, "To, a gaishe da dutsen. Mu dai jikokinmu tun jiya da miyau suke haɗiyar tuwo."

Na cika mata tulu. Na cika wa ta bayanta. Kafin magariba tano huɗu sun ƙare. Na tsaya a gaban bango da gawayi a hannu na daɗe, sa'an nan na yi zanen. Na ce a raina gobe zan ninka.

Ranar farko don Allah na yi, wannan zan iya rantsewa. Sauran kwanakin ban sani ba. Da safe mata suka zo sun fi talatin, suna cewa ga malamin nan mai ba da ruwa, Allah ya shayar da kai daga Alkausara, Allah ya jiƙan mahaifa. Ban taɓa jin an yabe ni haka ba. Kullum ƙanena ake yabo, mai inji, mai Faransanci. Ina raba ruwa ina jin daɗi har cikin ƙashina, dal yana bisa kaina yana gasuwa a rana. Sau biyar na shayar da shi. Zane goma sha huɗu na yi.

Ranar cire tokara ƙanena ya zo da sabuwar riga. Karon farko ke nan da zai zauna a madadin Baba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin baranda, ya ajiye kofin shayi, ya dube ni ya ce, "Alaramma, matso ka ga aikin zamani." Leburori suka fara zare sanduna. Da aka zo ta biyun ƙarshe na ji wani ɗan sauti, kamar an taka busasshen kara. Ƙanena ma ya ji, ya yunƙura, amma bai kai ga fita ba. Bakin barandar ya ɓalle ya sauko masa a ƙafar hagu, ƙasan gwiwa.

Majo ne ya ɗaure ƙafar da hannunsa. Kafin a ɗauke shi Baba ya tsuguna ya ɗauki guntun beto ya murza, ya marmashe masa a yatsa kamar ƙuli. Ya ce, "Abu biyu ne ke kawo wannan. Ko an rage siminti, ko an hana ruwa." Ya juyo ya dube ni. "Ka shayar?"

Na nuna bango na ce, "Ga zane nan, Baba."

Ya je ya ƙirga da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa harshena bai yi ƙarya ba, bango na nuna. Malamin da ya karantar da ni da ya ji wannan hujja da ya mare ni.

Ƙanena yana kwance yana ihu a ƙirga buhunan da aka juye, a ga ko ya rage ko ɗaya. Amma takardun siminti ba sa kwana a wurin gini, masu tsire sun kwashe su tun mako uku da suka wuce sun naɗe nama. Ga kuma siminti ya yi tsada a shekarar, kowa ya san ana ragewa. Magana ta zauna daram a bakin mutane: ɗan lakwal ya ci siminti ya ɓoye a cikin inji.

A gidan likita ya ji gaskiya. Matar Majo, Madam, ta kai masa abinci, tana ba shi haƙuri, sai ta ce ai gidanku gidan alheri ne, wan naka ma har yau matan unguwa suna sa masa albarka, kwana huɗu yana raba musu ruwa. Ba ta san abin da ta faɗa ba. Bayan wata biyu ya zo fili a kan sanduna, ya tsaya a gaban Baba, ya faɗi abin da ya ji. Ina zaune a gefe.

Baba ya ce, "Hannun da ya rubuta Alƙur'ani ba zai yi mini zanen ƙarya ba. Ka yi ha'inci, Allah ya nuna maka, yanzu kuma za ka shafa wa ɗan'uwanka?"

Ƙanena ya juyo. "Alaramma, yi magana."

Na ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Ya tofar da miyau a gabana. A makon ya sa aka ja injinsa zuwa ƙetaren titi, daidai ƙofarmu, ya kama fili ya kafa nasa. Mu muka sake zuba wa Majo baranda. Majo bai taɓa tuhumar kowa ba, amma duk inda muka haɗu yakan gaishe ni ya ɗan daɗe yana kallona, har na koma canza hanya.

Wanda bai taɓa cutar ɗan'uwansa ba zai ɗauka kunya ce ta kama ni. Ba ita ba ce, ƙiyayya ce. Ƙafar ta warke a karkace, yana tafiya yana jan ta, kuma daga cikin filinmu ina jin sautin takalminsa a kan tsakuwa. Na ƙi jinin wannan sauti fiye da komai a duniya. In mai saye ya tsaya a wurinsa sai in aika a ce masa ya tambayi labarin barandar Majo. In kamiyon yashi ya zo mini, sai ya tare direban a hanya ya ƙara masa kuɗi a juye a nasa. Ya gano lokacin da nake karatu bayan la'asar, sai ya mai da shi lokacin tayar da inji, ko babu kwaɓi, ya zuba duwatsu a ciki su yi ta kwaramniya. Ni kuma na jawo matan da ke fasa masa tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, da goro da atamfar salla. Ƴaƴanmu suka tashi titi ne tsakaninsu, ba mai shan ruwa a gidan wani. A masallaci in ya shiga sahu ta dama, ni hagu nake yi.

Wata rana ya ɗago bulona ɗaya a gaban masu saye, ya sake shi ƙasa. Bai fashe ba. Ya ce, "Lalle wannan ya sha ruwa. Yau mata ba su zo ba ke nan." Ba wanda ya gane sai ni.

Baba ya rasu shekara shida bayan karayar, bai sake taka filin ƙanena ba. Mu biyu muka shiga yi masa wanka, domin ba yadda za a yi. Na miƙa hannu zan ɗauki buta, sai ya riƙe ta. A hankali ya yi maganar, don kada na waje su ji.

"Bari ni in zuba. Kai sai ka rabar."

A kan gawar mahaifinmu ya gaya mini haka. Na so in shaƙe shi, Allah ya sani. Na kuma san ya yi daidai, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Haka muka tsufa. Shi ya sayi inji na biyu da kamiyo, ƴaƴansa suna karɓar aiki ta waya. Ni na tsaya a kan shebur da dokokin Baba, ina zama a ƙarƙashin kowane rufi da carbina, ana cewa ga magajin tsoho na gaskiya. Shi bai sake zama a ƙarƙashin ko ɗaya ba, sai mutane suka ce ai ya san abin da yake zubawa. Har yau akwai dattawan da in za su yi rufi sukan ce a kai wa Malam, gurgun nan yana rage siminti.

Bara waccan mijin Yaya ya rasu, ta baro Dogo ta dawo gidan Baba. Damina ta rushe ɗakin ƙasar da ta sauka. Ta sayar da gyaɗarta da awakinta ta ce na siminti take so, ta aika a kira mu tare. Ta haura saba'in, kunnenta ya yi nauyi, bakinta kuwa bai rage komai ba.

Ta ce, "Ina da ƙanne biyu masu sayar da siminti, ina kwana a zaure kamar baƙuwa. Ku biyu za ku yi mini rufin nan, ba ɗaya ba. Wanda ya ƙi, kada ya zo jana'izata."

Na ce, "Yaya, ni kaɗai ma na isa."

Ta ce, "Me ya ce?"

Ƙanena ya ɗaga murya. "Ya ce shi waliyyi ne! Yaya, na yarda, amma da sharaɗi. Ni zan kwaɓa, shi zai shayar, da hannunsa, ba ɗansa ba, ba lebura ba. Gawayi yana wurina. Ranar cire tokara kuma shi zai zauna."

Na ce, "Dokar Baba mai kwaɓi ke zama."

Ya ce, "Na zauna nawa. Ga shaida." Ya buga ƙafar da sandarsa.

Yaya ta ce ita ba ruwanta da wanda zai zauna, ko jaki ne, in dai ruwa ba zai zubo mata ba.

Aka zuba ranar Asabar. Kwana bakwai ina hawa tsani da bokiti, gwiwoyina suna ƙara, sau ashirin da safe, sau ashirin da yamma. Shi yana zaune a kan kujera a inuwa ya miƙe ƙafa. In na sauko sai ya sa ɗansa ya hau ya duba ko ruwa ya kai kowace kusurwa, sa'an nan ya tashi ya yi zane ɗaya a bango.

"Kusurwar arewa, Alaramma. Ko ita ma sadaka ka bayar?"

"Mushe, in ka ga dama ka hau da kanka."

"Da na hau. Wani malami ya karɓe mini tsani tun ina saurayi."

A ranar biyar na zame a matakala ta uku na ƙuje ƙwauri. Ya leƙo ya ce wannan ba komai ba ne, ƙashi bai fito ba.

Ranar cire tokara gidan ya cika. Ƴaƴana, ƴaƴansa, leburorin ɓangare biyu, maƙwabta, da Yaya a kan tabarmarta a bakin zaure. Na shimfiɗa buzu a tsakiyar ɗakin na zauna. Na san simintinsa, na san ruwana, duk da haka ina tsoro, don na san zai iya ragewa da gangan, kuma da ya yi hakan ba zan ce ya zalunce ni ba. Ya kori leburori ya ce shi zai zare. Ya shigo da guduma yana jan ƙafa. Ya bugi sandar farko ta faɗi. Ta biyu. Ta uku. Katako ya yi ƙara a bisa kaina, gari ya zubo mini a hula. Bai yi sauri ba. Sai da ya rage sanda ɗaya, ta tsakiya, wadda nake jingine da ita, sa'an nan ya tsaya ya dafa ta.

Ya ce, "Sau nawa ka shayar da wannan?"

Na ce, "Goma sha huɗu. Kai ka zana."

"Na Majo fa?"

Carbi yana hannuna amma na manta inda na tsaya. Na dubi ƙofa, na ga babban ɗana, wanda na yi rainonsa a kan cewa baffansa maha'inci ne.

Na ce, "Biyar."

"Ɗaga murya. Kunnen Yaya ya yi nauyi."

Na ce da ƙarfi, "Sau biyar na shayar! Sauran ruwan na rabar, na yi zanen ƙarya. Bai rage siminti ba. Baba ya tambaye ni na nuna masa bango."

Sai muryar Yaya: "Na ji. Wannan karon na ji."

Ya ce in gyara bayana. Ya ɗaga guduma ya bugi sandar, ta faɗi a gefena. Na rufe ido. Rufin bai ce komai ba. Yana nan har yau, ko tsagewar gashi babu.

Ya tsaya yana haki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun gawayin ya jefa mini a cinya.

Ya ce, "Ban ce na yafe ba, kada ka je kana gaya wa mutane. Baba ya tafi da abin da ya tafi da shi, wannan ba ka da yadda za ka biya. Amma nawa ka biya. Tashi, ka tare wa Yaya ɗaki."

Ɗana ya yi kwana arba'in bai ci abinci tare da ni ba. Dattawan da suke kawo mini aiki wasu sun koma ƙetaren titi, ban kuma ga laifinsu ba. Ƙanena har yanzu bayan la'asar yake tayar da injinsa. Amma na kasa kunne na ji, yanzu kwaɓi ne a ciki.